Yadda Muka Kai Ƙwaƙwalwar Motar Kawu Kwatano

Tun da muka binne Kawu Ayuba, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya zauna, ya sha kunu, sannan ya dubi jar motar da ke ƙarƙashin mangwaro ya ce, "Danladi, wai da gaske har Kwatano kuka je saboda motan nan?" Na ba da labarin a gareji, na ba da shi a bakin coci, har na lura na fara tsallake wasu wurare. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi tun ban manta ba.

Kawu Ayuba yayan mahaifiyata ne. Direban jirgin ƙasa ne tun zamanin da Kafanchan ke tashi da ƙarar jirgi, ta kwanta da ita. Da ya yi ritaya sai ya koma noman citta. Ni kuma rewaya ne, aikina wutar mota. Da ya cika shekara saba'in, 'yarsa Rifkatu, wadda ke aikin nas a Jamus, ta aiko masa da motar da ya daɗe yana mafarki: ja, ƙofa biyu, mai turbo, ƙasa-ƙasa kamar ƙadangare. Ba sabuwa ba ce, amma lafiyayya ce. Sharaɗi ɗaya ta kafa masa, cewa kullum motar ta kasance da cikakkiyar inshora, ba irin takardar nan da muke yanka don 'yan sanda ba. Ran da inshora ta yanke, ran nan za a sayar da ita.

Matsalar ta fara ne da Kawu ya ji labari wai ana iya ƙara wa irin waɗannan motoci ƙarfi ba tare da an kwance inji ba. Akwai wani ɗan akwati a cikin mota, mu a gareji birenbos muke ce masa, wato ƙwaƙwalwar mota. Shi ke faɗa wa inji yawan man da zai sha da iskar da turbo zai tura. In aka canza rubutun da ke cikinsa da kwamfuta, sai motar ta ƙara kuzari. Bai gaya mini ba, ya kai ta wurin wani mutum a Kaduna. Da ƙyar ta dawo gida tana tari, washegari ta ƙi tashi gaba ɗaya. Na tambaya a Jos, na tambaya a Abuja, kowa ya ce aikin da aka ɓata ba ya taɓawa. A ƙarshe wani dillalin motoci ya ba ni lambar wani Kojo a Kwatano, ya ce in shi ya kasa, to a nemi sabon akwati, kuma kuɗinsa ya kusa rabin kuɗin motar.

Na ce zan je ni kaɗai. Kawu ya ce, "Ni na ɓata shi, ni zan raka shi asibiti."

Ranar Litinin da safe muka hau mota a tashar Kafanchan. Akwatin bai fi girman Littafi Mai Tsarki ba. Kawu ya naɗe shi da zanen zumuntar mata na marigayiya matarsa, ya sa a cikin kular abinci don kada ruwa ko zafi ya taɓa shi, ya rungume a cinya. Kafin mu kai Kwoi wata mata da ke gefensa ta ce, "Baba, tun ɗazu kana riƙe da kula, ba za ka ce mana bismillah ba?" Ya ce, "'Yata, wannan tuwon ko ni ban iya cin shi ba." Da ya buɗe ya nuna mata, motar duka ta ɗauki dariya, direba ma sai da ya rage gudu ya leƙo.

Muka kwana a Nyanya wurin wani ɗan'uwa, da sassafe muka shiga babbar bas ta Legas. Wani mai wa'azi ya yi mana addu'a har Gwagwalada, yana zama sai mai maganin basir ya miƙe. A Lokoja muka ci soyayyen kifi da ya fi tafin hannuna faɗi. Bayan nan na yi barci, sai wajen Ibadan Kawu ya taɓa ni. Titin jirgi yake nuna mini, tsohon, ciyawa ta rufe rabinsa.

"Ka ga nan? Na wuce nan ya fi sau ɗari. Daga Kafanchan da shanu da gyaɗa, mu koma da gishiri da kananzir. A tasha mata na jiran mu da dafaffen ƙwai, sun san sunan kowane direba." Sannan ya ce, "Yanzu ko akuya ba ya tsoron wannan titi."

A Agege muka kwana, a masaukin baƙi na wani coci. Washegari muka kama hanyar Badagiri. Shingayen jami'ai na ƙirga har goma sha wani abu, na gaji na bari.

A bodar Seme aka fara da ni. Ba ni da katin allurar shawara. Kawu ya ciro nasa daga cikin leda, ya dube ni kamar ɗan makarantar da ya manta littafi. Aka kai ni wani ɗaki aka yi mini allurar nan take, na fito ina riƙe da hannu. Sai kuma kwastan suka ce a buɗe kula. Da jami'in ya kwance zane ya ga baƙin ƙarfe mai haƙoran waya, sai ya ja da baya, ya kira na gaba da shi. Na yi bayani da Turanci, na yi da broka, suka ce a ajiye shi sai an bincika, mu dawo jibi. Kawu ya yi tsaki. Ya juya yana mita da yarenmu, yana cewa mutanen da ba su san bambancin ƙwaƙwalwar mota da bam ba, su aka sa gadin ƙasa. Sai wani jami'i mai tauraro a kafaɗa, da ke rubutu a gefe, ya ɗago ya amsa masa da yaren, ya ce, "Baba, a yi mana a hankali, muna ji." Ashe ɗan Kagoro ne. Ya duba takardun motar da muka riƙo, ya gwada lambar da ke jikin akwatin, ya naɗe shi da kansa ya mayar cikin kula. Ya tambaya ko an fara haƙar citta a gida, ya ce shekara biyu rabonsa da faten tsaki.

Muna tsallakawa wani jandarma ya miƙo wa Kawu fasfonsa cikin ladabi ya ce, "Mushe Ayuba." Kawu ya tsaya cak. "Danladi, ka ji abin da ya kira ni? Ni ne mushe?" Wani ɗan canji Bahaushe da ke kusa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a can haka ake girmama namiji, kamar a ce Malam. Daga ranar har muka dawo, in ina son tsokanar sa sai in ce, "Mushe, an tashi lafiya?"

'Yan acaɓar Kwatano duk rigarsu ɗaya, rawaya, da lamba a baya, kuma suna tsayawa in danja ta nuna ja, ko babu ɗan sanda. Kawu ya ce a Kafanchan sai an haɗa da addu'ar azumi kafin a ga haka. A bakin hanya kuma ga fetur a manyan kwalabe kamar zuma. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ya ce namu ne, daga Nijeriya yake zuwa.

A Zongo muka sauka, gidan wani Alhaji Sule, mutumin Dosso, wanda dillalin ya haɗa mu da shi. Ɗaki ɗaya, katifa biyu, fanka mai kuka. Hausarsa da tamu sai da muka yi kwana ɗaya kafin suka saba. Shi yana ƙirga kuɗi da dala da jika, mu muna cewa motan da gidan ba ruwanmu da mace ko namiji. Ya ce, "Ku Hausarku ba ta da mata ne?" Kawu ya ce, "Alhaji, aron shi muka yi, ba mu karɓo duka ba."

Da safe aka kawo shayi da wani dogon burodi kamar sanda. Kawu ya gatsa, sai haƙorinsa na roba ya biyo burodin. Alhaji ya kawar da kai don kunya, matarsa kuwa daga ranar koko take dama masa. Da rana muna cin wani farin tuwon masara mai ɗan tsami da kifi da yaji. Ni ya yi mini daɗi. Kawu ya ce ba laifi, amma bai kama ƙafar tuwon acca ba.

Ranar farko mun isa wurin Kojo da sha biyu da rabi, muka tarar a rufe. Ashe da tsakar rana gari yake tafiya cin abinci da hutawa sai ƙarfe uku. Muka zauna a gindin wata bishiya da kularmu. Na ce wa Kawu in na rufe gareji awa uku da rana, kafin in dawo kwastomomina sun koma wurin Sunday, rewayan da ke kusa da ni.

Kojo ɗan siriri ne mai tabarau, zai yi shekara hamsin. Shagonsa ya ba ni kunya. Ba ɗigon baƙin mai ko ɗaya a ƙasa, kowace waya a rataye a wurinta, kamar ɗakin tiyata. Na ɓoye farcena a aljihu. Ba ya jin Hausa, Turancinsa kaɗan ne, Alhaji Sule ne tafinta. Ya haɗa akwatin da kwamfuta, ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai. Alhaji ya ce, "Wai rubutun wani inji daban aka zuba masa. Kamar a ba jariri maganin babba." Kojo ya nemi lambar jikin motar, ina laluben takarda sai Kawu ya karanto ta da ka, harafi da lamba, ba kuskure. Kojo ya cire tabarau ya miƙa masa hannu.

Ya ce zai iya mayar da rubutun asali. In kuma har yanzu ana son ƙarin ƙarfi, hawa uku ne. Na farko rubutu kawai ake canzawa. Na biyu sai an canza salansa da kuloci da abin sanyaya iska. Na uku sai an buɗe inji, kuma kuɗinsa zai sayi wata motar.

Kawu ya ce, "Na biyu fa?"

Kojo ya ce a'a. Bai ga motar ba, bai ji kukanta ba, kuma bai yarda da man da muke sha a hanya ba. Na farko kawai zai yi, shi ma da sauƙi-sauƙi. Gyara da ƙari, jika ɗari biyu da hamsin, wato dubu ɗari biyu da hamsin na sefa, kuɗin can. Na buga a waya na mayar naira. Kusan rabin cittar Kawu ta shekarar ke nan. Kuma ya ce kuɗin bai ƙare a nan ba: baƙin mai mai tsada kuma a riƙa canzawa da wuri, fulogi na musamman, fetur daga gidan mai na kirki kawai, birki sabo kafin a taka.

Sannan ya ciro wata takarda, Faransanci a sama, Turanci a ƙasa. Ta faɗi abin da aka yi wa motar da ƙarfin da aka ƙara. Ya ce ba ya taɓa akwati sai mai shi ya sa hannu cewa zai kai wa kamfanin inshorarsa. Na yi dariya na ce a wurinmu wa zai sani? Kojo bai yi dariya ba. Ya ba mu labarin wani da ya yi wa aiki shekarun baya, ya ɓoye wa inshora, ya buge wani mai babur. Da masu bincike suka sa kwamfuta suka ga an taɓa rubutun, suka ce motar da suka yi wa inshora daban, wannan daban. Ba su biya ko sisi ba. Mutumin ya sayar da gidansa, mai babur kuma ya daɗe a asibiti kafin a sami kuɗin aikin ƙafarsa.

Kawu ya sa hannu.

Aikin ya ɗauki kwanaki don sai da ya nemo rubutun asali. Ranar Lahadi Alhaji Sule da kansa ya raka mu har ƙofar wani coci, ya ce zai dawo ya ɗauke mu. Ba mu ji kalma ɗaya ba a sujadar, amma da suka ɗauki wata waƙa sai muka gane muryar, irin wadda muke yi a gida ce. Kawu ya bi su da Hausa da ƙarfinsa, wata tsohuwa ta juyo ta yi masa murmushi. Da yamma muka je bakin teku. Ni ganina na farko ke nan. Na tsaya nesa, Kawu ya naɗe wando ya shiga har gwiwa yana kira na matsoraci.

A nan bakin ruwa na kawo maganar da ke cina. Na ce, "Kawu, takardar nan, mu bar ta a jaka. In suka ce ba za su ci gaba da inshora ba fa? Ka san Rifkatu, sayar da motar za ta yi. Duk wahalan nan ya tashi a banza."

Ya ce, "Na sani."

"To?"

"Danladi, shekara talatin ina jan mutane a bayana. In birki ya yi mini wani iri, ko kaɗan ne, sai na rubuta a littafi, ko da za a ce laifina ne. Ba don oga ba. Don wanda ke tsallaka titi bai san komai ba." Ya sauke ƙafar wandonsa. "Na riga na yi ɓoye ɗaya, ka ga inda ya kawo mu."

Ranar Talata Kojo ya zuba sabon rubutun. Ya haɗa komai da batir don kada wuta ta ɗauke a tsakiya, ya ce in ta yanke akwatin ya mutu har abada. Aikin ya ɗauki minti ashirin. Wani koren layi yana tafiya a hankali a kwamfuta, Alhaji na jan carbi, Kawu ya rufe ido leɓensa na motsi. Da layin ya cika Kojo ya tafa hannu sau ɗaya. Da za mu tafi Alhaji ya ƙi karɓar kuɗin kwana biyun ƙarshe, Kawu kuma ya bar wa matarsa ƙullin busasshiyar citta da ya riƙo.

Ranar Juma'a da yamma muka iso Kafanchan. Asabar da safe na ɗaura akwatin, maƙwabta sun kewaye mu. Na ce Kawu ya murɗa makulli. Ta yi tari sau ɗaya, ta kama. Matan layinmu suka rangaɗa guɗa. Na sa mata sabon birki, ya ja mu zuwa hanyar Kagoro. Da muka sami wuri mai kyau ba kowa, ya taka sau ɗaya. Bayana ya manne da kujera, turbo ya yi fito. Na juya na ga bakinsa a buɗe yana dariya ba sauti. Sai ya ɗaga ƙafa ya ce, "Ya isa. Sauran sai an ba mu izini."

Litinin na ja mu zuwa Kaduna, ta Kachia da Kujama, zuwa ofishin inshorar da ke wajen Sabon Tasha. Matar da ke kan tebur ta karanta takardar Kojo sau biyu. Ta ce, "Baba, tun da na fara aikin nan ba wanda ya taɓa kawo mini irin wannan da ƙafarsa." Ta kira injiniyansu ya duba motar, ta ce mu jira amsa daga babban ofis.

Bayan mako biyu ta kira mu muka koma. Sun yarda za su ci gaba, amma kuɗin shekara ya ƙaru da kusan rabi. Kawu ya gyaɗa kai. Sai ta sauke murya ta ce akwai sharaɗi na biyu. Da wannan ƙarfin, ba za su rufe direban da ya wuce saba'in ba. Ko a mayar da motar yadda take a da ya ci gaba da tuƙi, ko a bar ta haka a rubuta sunan wani direba.

Na ce, "Kawu, mu mayar. Kojo ya ba ni rubutun asali, a Abuja ma za a iya zubawa."

Ya daɗe yana kallon makullin a hannunsa. Sannan ya ce, "Ran nan a hanyan Kagoro, da na ɗaga ƙafa, na ji ya yi mini nauyi kafin ya kai birki. Ban gaya maka ba." Ya tura mini makullin a kan tebur. "Madam, rubuta Danladi."

Shekara biyu ina jan sa. Coci ran Lahadi, kasuwar Manchok, gona in hanya ta bushe. Yana zama a gefena da hularsa, yana gyara mini canjin giya kamar yau na fara.

Fitarmu ta ƙarshe, jikinsa ya riga ya yi rauni. Muka hau tudun da ke bayan Manchok, ya ce in tsaya in kira masa Kojo. Na ce ba Alhaji, wa zai fassara? Ya ce in kira kawai. Da aka ɗauka ya karɓi wayar, ya fita a hankali yana dafa mota, ya zagaya baya, ya kara ta kusa da salansa. Ya ɗaga mini hannu, na taka totur sau uku, ƙarar ta bugi duwatsu ta dawo. Ya mayar da wayar kunnensa. Ina jin Kojo daga can yana ta zuba Faransanci da ƙarfi, Kawu na amsa masa da Hausa, "Ka ji ko? Ka ji aikinka?" Sun fi minti biyar a haka, ba mai jin abin da ɗaya ke faɗa, suna ta dariya.

Da ya dawo ya zauna yana haki, na ce, "Me ya ce?"

Ya share ido da bayan hannu ya ce, "Ya ce a gaishe ka. Ja mu gida."